Mother India da rupi 500 na Sukhilala

Ka tambayi duk wani sa'ana da ya riski zamanin gidajen silima a Kano abin da yake tunawa a Mother India, abu biyu zai faɗa maka: matar da ta saɓa garma a kafaɗa, da uwar da ta ɗauki bindiga ta harbe ɗan cikinta. Duka biyun suna cikin fim ɗin, kuma sun isa a tuna da su. Sai dai da wuya ka ji wanda zai fara da abin da ya ɗora mata garmar, ya kuma kai hannunta ga bindigar, wato rupi 500 da uwar mijinta ta ranto don a yi bikin kece raini. Ni kam duk sanda na sake zama na kalle shi sai na ƙara gamsuwa cewa labarin bashi darakta Mehboob Khan ya ba mu. Labarin takarda ce da talaka ya dangwala wa yatsa bai san abin da aka rubuta a cikinta ba, da yadda takardar nan ta cinye gida guda, daga tsohuwar da ta dangwala har jikokinta.

Fim ɗin ya fito a watan Oktoba na 1957, shekara goma da samun 'yancin kan Indiya. Ba sabon labari ba ne a hannun Mehboob. Tun 1940 ya taɓa yin sa marar kala da sunan Aurat, inda Sardar Akhtar, wadda ya aura daga baya, ta fito a matsayin uwar. Da ya dawo masa bayan shekara 17 sai ya zo da kala, da kuɗi masu kauri, da jaruma Nargis a matsayin uwar. Amma da aka zo kan mai ba da rance, Sukhilala, bai nemi sabuwar fuska ba. Kanhaiyalal da ya yi shi a na farko, shi ya sake kira.

Ana buɗe fim ɗin da taraktoci da manyan injinan haƙa. An gama gina hanyar ruwa ta noman rani, mutanen gari sun zo suna roƙon wata tsohuwa mai suna Radha ta buɗe musu, don ita suke kira uwar gari. Daga nan sai a koma baya, ranar da aka kai ta ɗakin Shamu, wato Raaj Kumar. Amarya ba ta gama sabawa da gida ba ta ji ana ƙus-ƙus cewa gonar gidan tana jingine a hannun Sukhilala saboda kuɗin bikinta. Da kaka ta yi, aka tara hatsi a masussuka, sai ga shi da littafinsa. Uwar miji ta ce ba haka suka yi da shi ba. Shi kuwa ya ce kashi uku cikin huɗu nasa ne, ga takarda, ga dangwale. Dattawan gari suka zauna, suka ba mai takarda gaskiya. Kuma kashi ukun nan kuɗin ruwa ne kawai. Uwar kuɗin tana nan daram.

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya zai iya yin lissafin nan da kansa. Gida ne ya yi sharar gona, ya yi huɗa, ya shuka, ya yi noman farko da maimai, ya yi girbi, ya yi sussuka, sa'an nan ya ɗauki kashi ɗaya ya tafi da shi. A cikin kashi ɗayan nan za a ci har damina ta zagayo, a cikinsa za a ware iri, a cikinsa kuma ake so a tara rupi 500 a fanshi gona. Ba zai taɓa yiwuwa ba, kuma Sukhilala ya fi kowa sani. Shi ya sa Radha da Shamu suka koma wani fili mai duwatsu da ba ya cikin jingina, suka ce bari su gyara shi ko sa samu abin da yake nasu ne su kaɗai. Garin haka aka rasa shanun huɗa, aka koma wurin mutumin nan dai aka ƙara cin bashi, kayan ɗaki da awarwaron amarya suka bi hanya. A filin nan ne dutse ya danne hannuwan Shamu duka biyu. Namijin da bai iya kai loma bakinsa sai an ba shi, ga gori yana shan sa a gari, wani dare ya bar matarsa da 'ya'yansa suna barci ya fice, ba a sake ganinsa ba. In ka cire ambaliya, wadda daga Allah take, babu wata masifa a gidan nan da ba bashin nan ne ya haife ta ba.

Kanhaiyalal ya yi aikin da har yau nake jinjina masa. Sukhilala ba irin bos ɗin da muka saba da shi daga baya ba ne, mai yara da mota da gidan ƙarƙashin ƙasa. Ba ya dambe, ba ya ɗaga murya sai ta kama. Dariya gare shi, da taushin baki, da yawan ambaton abin bautarsa, yana yi maka jaje yana jawo littafi. Abin da ya sa yake da ban tsoro shi ne gari ba ya iya rabuwa da shi. Ranar da rumbu ya ƙare, ƙofarsa ce kaɗai a buɗe.

Wannan ne ya sa nake ganin fim ɗin ya shiga ran mutanenmu ba tare da tafinta ba. Gidajen silima a Kano sun girmi finafinan Indiya a garin. An buɗe Rex a 1937 a wajen ganuwa. A 1951 gobara ta tashi a El Duniya, mutum 331 suka rasu, jama'a da yawa kuma suka ɗauki abin a matsayin ishara. Da aka buɗe Palace a Jakara a 1952, cikin birni, ba ƙaramin ce-ce-ku-ce aka yi ba. A cikin shekarun nan na 1950 ne Kwarorin da ke da gidajen silima suka fara gwada finafinan Indiya a tsakanin na kaboyi da na Turawa, sai ga shi sun fi kowane iri karɓuwa. Lokacin da mu muka taso akwai Plaza a Fagge, da Orion a Ƙofar Wambai, da Eldorado, daga baya ga Marhaba. A ɗaya daga cikinsu na fara ganin Mother India wajen ƙarshen shekarun 1970, ƙarƙashin sararin sama, don ba rufi, sai duhu ya yi ake farawa. Fim ɗin ya haura shekara ashirin a lokacin, ya sha juyi har hoton ya yi zane-zane kamar ana yayyafi, amma wurin cike yake. Ba mu jin Indiyanci. Duk da haka da zarar Sukhilala ya bayyana da littafinsa sai ka ji wuri ya ɗau “Allah ya isa”. 'Yan dako ne a wurin, da masu ga-ruwa, da 'yan cirani da suka baro ƙauye bayan girbi. Sun san mutumin. Sun san watan da rumbu ke ƙarewa alhali gero bai nuna ba, a je wurin mai hali a karɓi dami ɗaya a kan za a biya biyu da kaka. Sun san jinginar gona, sun san yadda gonar da aka jinginar don aure ko don rashin lafiya take daɗewa ba ta dawo ba. A ƙauyen kakannina, a ƙasar Kura, na taso na tarar da wata gona ana kiran ta da sunan wani gida alhali wani gidan daban ne ke noma ta, kuma tun ina yaro aka faɗa mini dalili. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da fim ɗin ya ƙara a kan karin maganar shi ne rubutu: bashin da ke hannun wanda ya iya karatu, a kan wanda bai iya ba.

Nargis tana da shekara 28 lokacin da fim ɗin ya fito, amma ta ɗauko Radha tun daga amarya mai sunkuyar da kai har tsohuwa mai rawar hannu, ba inda ka ji ta yi ƙarya. Fitowar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta bayan ambaliya. Ruwa ya ci gida, ya ci amfanin gona, jaririnta ya mutu, sauran yaran yunwa na neman kashe su. Sukhilala ya taɓa yi mata tayin abinci a bakin mutuncinta, ta kore shi. A daren nan, jikinta duk taɓo tun daga gashi har ƙafa, ta taka da kanta ta je gidansa. Mehboob bai ɓoye mana cewa ta kusa miƙa wuya ba. Ta tsaya gaban gunkin da ke ɗakin tana yi masa magana cikin ɗaci, maganar uwar da 'ya'yanta ke mutuwa a gabanta. Sa'an nan ta dawo hayyacinta, ta lakaɗa wa mutumin duka, ta fita hannu rabbana. Da a ce an nuna mana ita tun farko a matsayin wadda zuciyarta ba ta taɓa rawa ba, da ba mu yarda da ita ba. Saboda mun ga ta kai bakin rami ta juyo, shi ya sa muka yarda da ita daga baya, lokacin da mutanen gari suka ɗaure kaya za su yi ƙaura ta sha gabansu ta roƙe su kada su bar ƙasarsu, da lokacin da ta shiga inda sa ke shiga ta ja garma, ƙananan 'ya'yanta na riƙe da ita ta baya.

Waƙoƙin Naushad ne ya yi musu kiɗa, Shakeel Badayuni ya rubuta, Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi da Shamshad Begum da Manna Dey suka rera. Ba don ado aka zuba su ba. Da waƙa ake tsallake shekaru a fim ɗin, yara su shiga gona ƙanana su fito samari. Akwai kuma abin da ban sani ba a zamanin silima sai da na girma na fara bin tarihin masu yin fim: Mehboob Musulmi ne, haka Naushad da Shakeel da Rafi, ita kuma Nargis sunanta na yanka Fatima Rashid. Shekara goma kacal bayan an raba Indiya da Pakistan cikin zubar da jini, su ne suka zana wa ƙasar hoton uwa da ta fi alfahari da shi, a jikin wata Bahindiyar ƙauye mai bin addinin Hindu. Sunan fim ɗin ma martani ne. A 1927 wata Ba'amurkiya, Katherine Mayo, ta fitar da littafi mai wannan suna tana kushe al'adun Indiya da halin da matansu ke ciki, abin ya ɓata wa Indiyawa rai ƙwarai, Mehboob ya karɓe sunan ya ɗora wa Radha.

Yanzu ga Birju. 'Ya'ya biyu ne suka rayu. Ramu, wanda Rajendra Kumar ya fito a matsayinsa, mai haƙuri ne, ya yi aure, ya karɓi duniya yadda ya same ta. Birju kuwa tun yana ƙarami, lokacin da wani yaro mai suna Sajid Khan ke wasan, yake tambayar abin da manya suka daina tambaya: me ya sa wanda bai yi noma ba yake kwashe hatsi? Da ya girma, Sunil Dutt ya karɓe shi, tambayar ta zama wuta. Akwai inda ya tsaya a kan sai an nuna masa lissafi. Aka buɗe masa littafin. Ya zuba masa ido, ya kasa karanta ko harafi. A wurina nan ne tsakiyar fim ɗin. Saurayi ne mai ƙarfi, gaskiya tana hannunsa, ya kuma san tana hannunsa, amma ba shi da hanyar tabbatar da ita a gaban kowa. Daga ranar duk wanda ya san rayuwa ya san inda zai ƙare. Burinsa bai wuce ya dawo wa uwarsa da awarwaronta ba, amma hanyar da ta rage masa ita ce sata, sa'an nan daji, sa'an nan bindiga.

Fim ɗin bai wanke shi ba, ni ma ba zan wanke shi ba. Yana tsokanar 'yan matan gari, yana caca, yana da saurin hannu. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne yadda aka mai da tsokanar 'yan matan abin dariya a tsakiyar fim ɗin, aka ja ta da tsawo, alhali ita ce za ta zama laifin da zai ci ransa a ƙarshe. Wannan ɓangaren, da barkwancin da ke kewaye da shi, ya sa fim ɗin ya yi sanyi na wani lokaci. Ramu ma an bar shi ba nauyi, ba ya wuce ya riƙe ƙaninsa ya ce a yi haƙuri.

Wutar da aka cinna wa tarin ciyawa don a fito da Birju daga maɓoyarsa ta gaske ce. Wajen ɗaukar fitowar wutar ta fi ƙarfin masu aiki, ta ritsa da Nargis, Sunil Dutt ya faɗa ciki ya fito da ita, shi ya ƙone. Ta yi jinyarsa, a watan Maris na 1958 suka yi aure. Uwa da ɗa a fim, amma a zahiri shekararsu ɗaya, 1929, wata ɗaya ma, Yuni. Ɗansu na fari da aka haifa a 1959 shi ne Sanjay Dutt, wanda 'yan kallo a Kano suka laƙaba wa Ɗan Daba Mai Lasin. Nargis ta rasu a watan Mayu na 1981, kwanaki kaɗan kafin fitowar fim ɗinsa na farko a matsayin jarumi.

Ƙarshen labarin kowa ya san shi, amma akwai abin da ake yawan tsallakewa. Birju ya dawo da 'yan fashinsa ranar bikin Rupa, 'yar Sukhilala. Ya ƙona littattafan bashi, ya kashe mai su. Radha ba ta harbe shi a kan wannan ba. Sai da ya ɗauke amarya ya ɗora a kan doki zai gudu da ita, bayan uwarsa ta riga ta yi alkawarin ba abin da zai taɓa yarinyar, sa'an nan ta ɗaga bindiga. Rupa ba ita ta rubuta littafi ba. A nan Birju ya bar neman haƙƙi ya shiga zalunci irin na mutumin da ya kashe, ya sa marar laifi ta biya abin da ba ta ci ba. Ya faɗo daga kan doki, ya mutu a hannun uwarsa, awarwaron da ya ƙwato mata na tare da shi.

Matan gidanmu ba su taɓa shiga silima ba, don a lokacin ba a san 'yar mutunci da zuwa wurin ba. Sai da bidiyo ya shigo gidaje a shekarun 1980 suka ga fim ɗin, a tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi, maƙwabta sun shigo. Da aka gama, kowa na share ido, na juya wurin yayar mahaifina na ce, “Gwaggo, da ke ce za ki iya?” Ta daɗe ba ta tanka ba. Can ta ce, “Ɗan nan, ba a yi wa uwa wannan tambaya. Amma ita ma yarinyar ai 'yar wata ce.” Sai kuma ta ƙara da cewa ita tsohuwar farko ce ta fi ba ta haushi, wadda ta jinginar da gonar marayu don a ce ta yi biki. Gwaggo ba ta yi boko ba, ba ta jin Indiyanci, amma a zama ɗaya ta kamo zaren da masu sharhi da yawa suke wucewa.

Inda nake da ja da Mehboob shi ne hanyar ruwan nan da ya buɗe fim da ita ya kuma rufe da ita. Zamanin Nehru ne, firaministan Indiya na farko, zamanin manyan madatsun ruwa irin su Bhakra da Hirakud, kuma fim ɗin yana so mu yarda cewa wahalar Radha ta zama tarihi tunda ga ruwa ga inji. To amma ruwa bai taɓa zama matsalar gidan nan ba. Gonarsu tana ba da hatsi, a gaban idonmu aka tara shi tsibi-tsibi. Matsalar ita ce wanda ke kwashewa. Mu da muka ga an gina Tiga a zamanin Audu Bako, ruwa ya zo Kadawa da Kura, mun ga alherin noman rani da idonmu, shinkafa da tumatir da alkama. Mun kuma ga manomin da zai karɓi taki da iri bashi a farkon shuka, ranar girbi mai kuɗin ne zai yanka wa kayan farashi. A cikin fim ɗin kansa, ba hukuma ce ta raba gari da Sukhilala ba, ba dattawa ba ne, ba kotu ba ce. Ɗan da aka kira ɗan iska ne, wanda uwarsa ta kashe. Ina jin Mehboob ya san da haka, shi ya sa da tsohuwa ta buɗe ruwan sai ya fara gudana ja wur kafin ya washe. Tambarin kamfaninsa ma guduma da lauje ne. Zuciyarsa tana wurin Birju ko da bakinsa yana yabon Radha, kuma wannan jayayyar da bai warware ba ita ta hana fim ɗin tsufa.

Duniya ta karɓe shi tun a lokacin. Ya ci kyaututtukan Filmfare biyar, Nargis ta ci kyautar jarumar da ta fi kowa a bikin finafinai na Karlovy Vary a 1958, shi ne kuma fim ɗin Indiya na farko da ya shiga jerin ƙarshe na gasar Oscar a rukunin finafinan harsunan waje, inda Nights of Cabiria na Federico Fellini ya yi nasara. Bayansa sai Salaam Bombay na 1988 da Lagaan na 2001 kawai suka kai wannan mataki. Mehboob ya rasu a watan Mayu na 1964, kwana ɗaya bayan rasuwar Nehru.

Akwai wani fim da ya riga shi da shekara huɗu, wanda ban taɓa jin ana zancensa a majalisarmu ba, kuma ya kamata a ce ana yi: Do Bigha Zamin na Bimal Roy, 1953. Shi ma manomi ne, Balraj Sahni ya fito a matsayinsa, shi ma lissafin ƙarya aka yi masa, kotu ta ba shi wata uku ya biya rupi 235 ko ya rasa gonarsa. Ya tafi birnin Kalkata yana jan keken ɗaukar mutane da ƙafarsa. Ba kala, ba ɗan fashi a kan doki, ba kuma wanda ya zo ya cece shi. Ya samu kyauta a bikin Cannes na Faransa a 1954. Wanda zai kalli biyun, shawarata ya fara da na Bimal Roy, sa'an nan ya nemi Mother India cikakke, mai kusan awa uku, wanda ke da rubutun fassara a ƙasa. Gardamar masussuka da ta littafi sai da jin abin da ake faɗa, kuma ita ce ba mu samu ba lokacin da muke kallo a silima.